Watannin da Na Gaida Dada a Kan Kujera

Ranar sunan jikata ta uku ina kicin ina jin ku, ku da 'ya'yan baffanninku, kuna ta ƙyaƙyata dariya a kan tsohon zancen nan: wai ni ce surukar da ta ɗauko kujera tun daga Jimeta har Yola, ta hakimce a kai ta gaida Dada kamar gwamna ya zo ziyara. Ban tanka muku ba, hannuna yana cikin ƙullun masa. Amma abin ya tsaya mini a rai. Kujera dai na ɗauka, ba zan yi musu ba, fara ce ta roba, ƙafarta ɗaya ma da ɗinkin waya. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, waɗanda suka san dalilin kuwa sun fara ƙarewa. Don haka ku ji daga bakin mai gwiwar.

Kun san a Dubeli, cikin Jimeta, aka haife ni, gidan ɗan kasuwa, inda ake magana da ƙarfi ko da abin sirri ne. Babanku kuwa ɗan cikin Yola ne, gidan da mutum zai taka ƙaya ya ci gaba da murmushi don kada a ce ya raki. Wannan ne suke kira pulaku: kunya da kawaici da haɗiye ciwo. Mahaifiyarsa, Dada, ita ce sarauniyar abin. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da kaɗan ta wuce kafaɗata, amma in ta kalle ka sau ɗaya sai ka duba ko rigarka a bai-bai take. Tun farko ba ta ga dalilin da ɗanta zai tsallake 'yan matan Yola ya ɗauko malamar wasanni ba, mace mai wandon guje-guje da usur a wuya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, 'yar Jimeta take ce mini. Ni kuma da na ga ba zan iya rage murya ba, sai na kama abu guda da na san zan fi kowa, wato gaisuwa. Duk Juma'a in na shiga ɗakinta tun daga bakin ƙofa nake zubewa, in ja gwiwa har gaban tabarmarta, in sunkuyar da kai, ba na tashi sai ta sallame ni. Shekara ashirin ina haka. Da gwiwata na sayi matsayina a gidan nan, ba da wani abu ba.

To ita gwiwar ce ta ci amanata. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, wata safiya ina koya wa 'yan aji uku tsallen nesa. Wata yarinya ta yi ta noƙewa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce ta matsa ta ga yadda ake yi. Na taho da gudu, na tashi sama lafiya lau, yara har sun fara tafi. Wajen sauka ne ƙafar hagu ta kafe a yashi, jiki ya juya ya bar ta. Na ji wani ɗas a cikin gwiwa, har yarinyar da ke kusa ta ce ita ma ta ji. Maɗori ya duba ya ce ba karaya, ya shafa mai ya ɗaure. Kumburi ya saɓe, amma gwiwar ta koyi wata sabuwar ɗabi'a: ina cikin tafiya sai ta zille, in tsinci kaina a ƙasa. Na faɗi a gaban aji, na faɗi a bakin famfo, na faɗi da tiren shinkafa a gidan biki. Malamar wasannin da ba ta iya juyawa da sauri kuwa ta zama hoto.

Daga ƙarshe aka tura mu wani asibiti a Kano. Likitan, wani dogon mutum mai magana a hankali, ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke, kuma ba irin wadda ake ɗinkewa ba ce. Sai dai a yanko wata daga bayan cinyata, a huda ƙashi sama da ƙasa, a zura ta a ɗaure ta tsaya a madadin waccan. Aka yi aikin lafiya. Ranar da za a sallame mu ya ja kujera ya zauna kusa da gadona.

"Malama, an ce ke mai gaggawa ce, don haka ki saurare ni da kyau. Jijiyar da na sa miki yau tana da ƙarfi. Nan da wata biyu ba za ta kai haka ba."

Na ce, "Likita, ai na ɗauka gaba ake yi, ba baya ba."

"Za a yi gaba, amma sai an fara yin baya. Da na yanko ta, na raba ta da jinin da ke ciyar da ita. Ƙananan ƙwayoyin rai da ke cikinta duk za su mutu, zaren kawai zai saura. Daga nan jikinki zai turo sababbin hanyoyin jini da sababbin ƙwayoyi su shiga, su kuma sai sun warware tsohon kafin su saƙa sabo. Tsakanin mutuwar waɗancan da kama aikin waɗannan, wajen wata na biyu zuwa na uku, a nan ta fi rauni. Kuma daidai lokacin ne ciwo zai bar ki, ki ji kamar ki yi tsere."

"In na yi fa?"

"Ta miƙe kamar robar siket da ta saki, ba ta kuma komawa. Sai mu sake daga farko, in an yi sa'a. Ba gudu, ba juyi a kan ƙafar, ba tsuguno, ba durƙuso, sai ranar da na ce."

Babanku ya rubuta duka a bayan katin asibiti. Ni kuwa kalma guda ce ta tsaya mini a rai: durƙuso.

Da muka dawo Jimeta aka haɗa ni da mai gashin ƙashi, Sista Rifkatu, wata kakkaurar mata daga wajen Ganye, mai dariya kamar ana sauke kwanuka. Ita ke lanƙwasa ƙafar tana miƙewa, tana sa ni ɗaga buhun yashi da dunduniya. Hausarta ta Jimeta ce zalla, ba ruwanta da mace ko namiji. In na cije leɓe sai ta ce, "Madam, yi kuka abinka, nan ba Yola ba ne." Salla kuwa a kan kujera nake yi, malamin unguwarmu ya ce addini ya yarda wa mai lalura. Makon farko Dada ta aiko da kindirmo da sannu. Duk gidan sun san ina jinya, ba wanda ya sa ran ganina ranar Juma'a.

Abin da likita ya faɗa kuwa sai ya zo daidai. Mako na bakwai na jingine sanduna. Ciwo ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Wata Laraba zaman gida ya ishe ni, na ɗauki jaka na shiga kasuwar Jimeta sayen kifi, ina takawa a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, abin da Rifkatu ta yarda da shi. Ina tsaye ina ja-in-ja da mai ragon ruwa, muryata har layin 'yan tumatir, ashe Goggo Nenne, ƙanwar marigayi kakanku, tana bayana. Ba ta yi mini magana ba. Kafin la'asar labari ya isa Yola cewa 'yar Jimeta ta warke sarai, an gan ta tana tafiya kamar soja.

Sati guda bayan haka aka yi Babbar Salla. Kun san al'adar gidan: washegari duk surukai mata su taru a ɗakin Dada, su durƙusa a jere bisa girman mazajensu, ni ce kuma ta farko a layi. In na ƙi zuwa, an gan ni a kasuwa. In na je na tsaya a tsaye, na tsaya a kan tsohuwa, wanda ya fi komai muni. In na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa, na miƙa mata tafin ƙafa ke nan, kuma wajen tashi dole in murɗa gwiwar. Na tambayi babanku ya je ya yi mata bayani tukuna.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Na gwada. Na ce mata akwai sauran jinya. Ta ce gwiwar tana yi mata ciwo? Na ce a'a. Ta ce to."

"Shi ke nan abin da ka ce?"

"Ai kin san Dada. In ta ce to, an rufe littafi."

A gidan da mai ciwo ma ba ya cewa yana ciwo, ta yaya za ka gamsar da su cewa wanda ba ya jin ciwo shi ne marar lafiya? Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi. Gaskiya ne, amma ba su yi lissafi da wanda ba shi da tabbacin tashin ba. Na kwana biyu ina juya abin. A gefe guda shekara ashirin na gaisuwa, a ɗaya gefen ƙafar da nake so in ƙarasa rayuwata a kanta. Safiyar ranar na ɗauki kujerar da nake salla a kai na sa a bayan mota. Babanku ya dube ta, ya dube ni, ya tada mota.

Ba zan manta shigata ɗakin nan ba. Mata takwas a durƙushe, turaren wuta ya cika ko'ina, Dada a kan tabarmarta da carbi. Na yi sallama, na ajiye kujera a wurin da na saba zubewa, na zauna, na sunkuyar da kai iya yadda wuya zai iya, na gaishe ta. Ko da na sunkuya, kaina ya fi nata tsawo nesa ba kusa ba. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin rago yana soyuwa a tsakar gida. Na fara bayani da guntun Fulatancina, na ce jijiya, na ce likita, na ce wata uku. Dada ba ta dube ni ba. Ta juya wajen Goggo Nenne ta ce da Hausa, don ta tabbata na ji:

"Ki tambayi baƙuwar nan ko ofishin wa take nema."

Wata daga cikin ƙananan surukai ta tusa mayafi a baki. Ni kuwa kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi, amma ban sauka daga kujerar ba. Taurin kan Dubeli ya yi mini rana, ko ya yi mini dare, a lokacin ban sani ba.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗa ciwo, domin Dada ba ta faɗa. Duk Juma'a in je da kujerata in gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango. Na dafa mata dambun zogale irin wanda take so, kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Aka sa ranar auren 'yar baffanku ba a shawarce ni ba, ni da ake ba ni ragamar girki a kowane biki. A mota in muna komawa ina ce wa babanku, "Ubangijin da ya halicce ni ya yarda in gaishe Shi a kan kujera sau biyar a rana, amma uwarka ta ce ita ba ta yarda ba." Sai ya ce in yi istigfari, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma dariyar nake yi, amma in na shiga ɗaki sai in yi kuka. Ina son tsohuwar nan, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ke nan, har da kaina.

Juma'a ta huɗu tana matsowa na gaji. Ina kwance Rifkatu tana lanƙwasa ƙafar na ce mata na yanke shawara, durƙuso ɗaya na minti biyu ba zai kashe kowa ba. Ta saki ƙafar ta riƙe ƙugu.

"Madam, no try am, kada ka kuskura! Gwiwa nan bai warke ba, ƙarya yake maka. Akwai wani ɗan Vinikilang, aiki ɗaya da naka, sati goma ya ce ya warke, ya je ya yi rawa a godiyar kaka a coci. Yanzu yana nan yana jiran aiki na biyu. Kana so ka bi shi?"

Na ce ita ba ta san Dada ba.

"To zan san shi. Juma'a ka zo ka ɗauke ni."

Na ɗauka wasa take yi. Ranar Juma'a sai ga ta a ƙofar gida da farar rigar aiki da ɗankwali, ta shige gaban mota ta bar ni baya da kujera. Muna isa ta riga ni shiga. Matar nan mai faɗin ƙofa ta zube tun daga bakin ɗaki, ta ja gwiwa, ta buɗe baki da wani irin Fulatanci mai zurfi, na cikin ruga, wanda ni da na shekara ashirin a gidan ban kama rabinsa ba. Ashe cikin Fulani ta tashi. Dada ta ɗago kai, karo na farko cikin wata guda da na ga ƙwayar idonta. Suka yi ta gaisuwa, aka tambayi gida, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwan bana, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa riƙe da kujera kamar mai talla.

Sai Rifkatu ta nuna tsakar gida ta taga. Dada ta sa an kafa rassan zogale a jikin katanga farkon damina, ta kewaye kowanne da ƙaya. Daga baya babanku ya fassara mini abin da ban ji ba.

Ta ce, "Dada, wancan reshen ga shi a tsaye kore shar. Me ya sa kika sa masa ƙaya?"

"Don awaki."

"Ai ya kama, ga shi a miƙe."

Dada ta yi tsaki. "Ke ba ki san dashe ba. Tsayuwar banza ce, da ruwan jikinsa yake rayuwa. Sai tsohon ganyen ya zube, saiwa ta fito, sannan a ce ya kama. Yanzu ko ɗan akuya ya goga masa jiki ya tafi ke nan."

Rifkatu ta ce, "To irinsa ne a cikin gwiwar surukarki. Yankowa aka yi aka dasa. Tsohon ransa ya mutu, sabon bai gama shiga ba. Kujerar nan ita ce ƙayarsa."

Dada ta ja carbinta. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ni ce akuyar ke nan." Rifkatu ta fashe da dariyar nan tata, ta kama baki, ta kasa riƙewa. Na ga gefen bakin Dada ya motsa. Amma ba ta ce mini komai ba, ta sa aka kawo wa baƙuwa fura, ta sallame mu. A hanya na ce wa Rifkatu ta ƙara jagula mini al'amari, yanzu za a ce na kawo wadda ta kira surukata akuya. Ta ce in jira.

Juma'ar da ta zagayo na shiga da kujerata. Tabarma ba kowa. Na ɗaga ido, sai ga Dada a can sama. Tsohon gadonta na ƙarfe mai rumfa, wanda ba ta taɓa zama a kai da rana ba, ta sa an ɗora masa katifa biyu, an kuma ɗora ta a kai. Ƙafafunta ba su ko kusa da ƙasa, suna reto, carbi a hannu, fuska a murtuke kamar alƙali. Goggo Nenne tana gefe tana kallon silin. Na ajiye kujera na zauna, kaina bai kai gwiwarta ba.

Ta ce, "Ni ban ce sai kin je ƙasa ba. Cewa na yi ba za a gaishe ni daga sama ba. Bismilla, 'yar Jimeta."

Na buɗe baki in yi gaisuwa, sai dariya da kuka suka ƙwace mini tare. Ta jira har na nitsu, ta amsa mini tiryan-tiryan, ta tambayi yara, ta tambayi makaranta. Sannan ta ce dambun da na aiko kwanaki ba ta ci ba, don haka tana bina ɗaya.

Haka muka yi wata huɗu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci baffanninku biyu su cicciɓe ta su ɗora, in na tafi su sauko da ita, tana yi musu faɗa wai suna riƙe ta kamar buhun gero. Sauran surukai suka shiga uku, don su ba a ɗauke musu durƙuso ba, sai sun ɗaga wuya kamar masu duban wata kafin su ga fuskarta. Sunan mai girman kai kuwa ya bi ni a dangi, waɗanda suka ji labarin kujera sun fi waɗanda suka ga katifa yawa. Shugabancin girkin biki ma bai dawo hannuna ba, an riga an ba wata. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye muku ba.

A wata na bakwai muka koma Kano. Likita ya kama ƙafar ya ja gaba, ya ja baya, ya murɗa, ya ce ta kama, sabbin ƙwayoyin sun yi aikinsu, in fara durƙuso a hankali a kan abu mai taushi. Gudu sai gaba. Ban jira Juma'a ba. Washegarin dawowarmu na sa babanku ya kai ni Yola, ba kujera. Dada ta ji muryata a zaure, ta sa aka yi maza aka ɗora ta, har ɗankwalinta ya karkace. Na shiga, na dafa bango, na sauke gwiwar dama, sannan na sauke ta hagu a hankali har ta taɓa tabarma. Ta riƙe. Ba zillewa, ba ɗas, sai ɗan tsami irin na abin da ya daɗe bai yi aiki ba. Na sunkuyar da kai na fara gaisuwa, na ƙudura sai na biya ta wata bakwai cif.

Ban kai ga tambayar kwanan gida ba na ji hannunta a kaina. Ta sunkuyo daga can sama har Goggo Nenne ta riƙe mata zani don kada ta faɗo.

Ta ce, "Hadiza, ya isa. Tashi kafin ki sake kashe ta, ni ba ni da katifa ta uku."